Wa Zai Biya Kuɗin Gadi? Takaddamar Kashi 5 Cikin Ɗari a Ƙungiyar NATO

A watan Yunin 2025 shugabannin ƙasashe 32 na ƙungiyar tsaro ta NATO suka hallara a birnin Hague na ƙasar Holan, suka tashi da alkawari mai nauyi: kafin 2035 kowace ƙasa za ta riƙa ware wa tsaro kashi 5 cikin ɗari na dukan arzikin da take samarwa a shekara. An kasa adadin gida biyu. Kashi 3.5 na soja ne zalla, wato albashin dakaru, makamai, harsasai da atisaye. Sauran kashi 1.5 na abubuwan da yaƙi ke jingina da su ne, irin su hanyoyi da gadojin da za su iya ɗaukar tankoki, tashoshin jiragen ruwa, da kariya daga masu kutse ta intanet. Firaministan Sifaniya, Pedro Sánchez, ya fito fili ya ce ƙasarsa ba za ta wuce kashi 2.1 ba, domin a lissafinsa wannan ya ishe ta sauke duk abin da ƙungiyar ta ɗora mata. Shugaba Donald Trump na Amurka, wanda matsinsa ne ya haifi adadin, ya yi barazanar fanshewa a kan Sifaniya ta fuskar ciniki. Wasu na ganin an daɗe ana cin bulus a kan Amurka, ranar biya ce ta zo. Wasu kuma na ganin an ɗauki ma'aunin da ba ya auna abin da ake nema. Kowane ɓangare yana riƙe da hujjar da ba a ture ta da baki kawai.

Masu goyon bayan ƙarin suna farawa da tarihi, kuma tarihin yana tare da su. Ƙorafin ya girmi Trump nesa ba kusa ba. Dwight Eisenhower, wanda shi ne kwamandan farko na rundunar NATO a Turai kafin ya zama shugaban Amurka, ya ɗauka zaman sojojin ƙasarsa a can na ɗan lokaci ne, har nahiyar ta farfaɗo daga ɓarnar yaƙin duniya na biyu, kuma bai bar mulki ba sai da ya fara kukan cewa ƙasashen Turai sun sakar wa Amurka kaya. A 1971 Sanata Mike Mansfield ya gabatar da ƙudurin janye rabin dakarun Amurka daga Turai. Ƙudurin ya sha kaye a majalisar dattawa, amma ra'ayin bai mutu ba. A 2011 sakataren tsaro Robert Gates ya je Brussels ya gargaɗi ƙawayen cewa 'yan siyasar Amurka masu tasowa, waɗanda ba su ɗanɗani yaƙin cacar baka ba, za su gaji da biyan kuɗin kare waɗanda ba su shirya kare kansu ba. A 2014, bayan Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya, aka yi taro a Wales aka amince kowa ya doshi kashi 2 cikin ɗari cikin shekaru goma. A wannan shekara ƙasashe uku kacal ne suka kai: Amurka, Birtaniya da Girka. Shugabannin Amurka daga jam'iyyu biyun sun roƙa, sun lallasa, sun yi gargaɗi, aka riƙa amsa musu da to a ɗakin taro, a koma gida a ci gaba da abin da aka saba.

Misalin da suka fi kawowa shi ne Jamus. A zamanin yaƙin cacar baka Jamus ta Yamma tana da dakaru kusan 500,000, tana kashe wajen kashi 3 cikin ɗari na arzikinta. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 kason ya yi ta zamewa har ya kusa kashi 1, a 2011 aka dakatar da aikin soja na dole, dakarun suka koma wajen 180,000, alhali ƙasar ta haɗe ta kuma fi kowace ƙasa a Turai ƙarfin arziki. A daidai wannan lokaci fiye da rabin iskar gas da take shigo da ita daga Rasha take zuwa, wato tana cika aljihun ƙasar da take son Amurka ta kare ta daga gare ta. Sakamakon wannan sakaci ya bayyana a fili har sau biyu. A yaƙin Libiya na 2011 Faransa da Birtaniya ne suka ja gaba, amma ba a jima ba bama-baman wasu ƙawayen suka fara ƙarewa, kuma jiragen da ke ba jiragen yaƙi mai a sararin sama da na leƙen asiri galibinsu na Amurka ne. Darasin da sojoji suka ɗauka shi ne Turai ba ta iya gudanar da ƙaramin yaƙi a bakin ƙofarta ita kaɗai. Karo na biyu, a 2023 Tarayyar Turai ta yi wa Yukren alkawarin harsasan manyan bindigogi miliyan 1 cikin shekara guda. Wa'adin ya cika a Maris 2024 ba a cika alkawarin ba, domin masana'antun da za su ƙera su an daɗe da bari sun tsuke.

Akwai bayanin da ya fi zargin rowa zurfi. A 1966 masana tattalin arziki biyu, Mancur Olson da Richard Zeckhauser, suka nuna cewa a kowane ƙawancen tsaro babba zai ɗauki fiye da rabonsa, ƙananan su ɗauki ƙasa da nasu, ko da babu mai mugun nufi. Lamarin kamar unguwar da ta ɗauki mai gadi ne: attajirin da ya fi kowa dukiya a layin zai biya ko da maƙwabta sun noƙe, domin shi ne zai fi asara in ɓarawo ya shigo, kuma maƙwabtan sun san haka, sun kuma san fitilar mai gadin ba za ta tsallake ƙofarsu ba. Masu goyon baya suka ce tunda haka tsarin yake, lallashi ba zai taɓa gyara shi ba. Dole a sa adadi a rubuce, a riƙa karanta sunayen waɗanda suka gaza a bainar jama'a, kuma babban ya nuna da gaske yana iya janye hannu. Lissafin cibiyar SIPRI ta Stockholm na 2024 ya ƙara musu ƙarfi: ƙasashen NATO sun kashe kimanin dala biliyan 1,500, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan kuɗi daga Amurka ya fito.

A kan wannan adadi ne masu suka suke fara martani, kuma a nan suna da gaskiyar da ba a cika faɗa ba. Kusan dala biliyan 1,000 da Amurka ta kashe a 2024 ba kuɗin gadin Turai ba ne. A cikinsa akwai jiragen ruwan yaƙin da ke tekun Fasifik saboda Sin, da dakarun da ke Japan da Koriya ta Kudu, da sansanonin yankin Gulf, da makaman nukiliyar da ke kare Amurka kanta. Da a ce NATO za ta watse gobe, mafi yawan wannan kasafi yana nan daram, domin ƙasar da ta zaɓi ta zama mai faɗa a ji a kowane teku ita ce ta zaɓi kuɗin da hakan ke ci. Sannan maganar da ake yawan yi cewa wasu ƙasashe sun ƙi biyan kuɗin ƙungiya, har ana binsu bashi, ruɗani ce. Kashi 2 ko kashi 5 kuɗi ne da kowace ƙasa ke kashe wa sojojinta a gida, babu asusun da ake zuba shi. Asusun haɗin gwiwa na gaske, wanda ake gudanar da hedikwata da wasu kayan aiki da shi, 'yan biliyoyin yuro ne kawai a shekara, kowa yana biyan nasa, kuma tun 2021 kason Amurka ya sauko zuwa wajen kashi 16 cikin ɗari, daidai da na Jamus. Suna kuma tunatarwa cewa ita Amurka kanta tana kashe tsakanin kashi 3 da 3.5 ne, kuma Trump ya faɗa gab da taron Hague cewa kashi 5 ɗin na sauran ne, bai ga dalilin da zai hau kan ƙasarsa ba.

Hujjarsu ta biyu ta fi taɓa zuciya, domin ta jini ce. Sashe na 5 na yarjejeniyar 1949 da ta kafa ƙungiyar, wanda ya ce farmaki a kan ɗaya farmaki ne a kan kowa, sau ɗaya tak aka taɓa aiki da shi, kuma Amurka aka yi wa, bayan harin 11 ga Satumban 2001. Ƙawayen suka bi ta Afganistan suka shafe shekaru ashirin. Birtaniya ta rasa sojoji 457, Kanada 158, Jamus 59. Denmak, mai mutane ƙasa da miliyan 6, ta rasa fiye da 40, wanda in aka gwada da yawan al'umma ya yi kusa da asarar Amurka, alhali a duk waɗannan shekaru sunanta yana cikin jerin waɗanda ba su kai kashi 2 ba. Wanda ya binne 'ya'yansa a yaƙin da ba shi ya tsokano ba yana da haƙƙin jin zafi in aka kira shi ɗan ci-ma-zaune.

Masu goyon baya ba su musa wannan ba. Abin da suke cewa shi ne jarumtar jiya ba ta cika rumbun makaman yau, kuma tun 24 ga Fabrairun 2022, ranar da Rasha ta fara mamayar Yukren, takaddamar ta daina zama tsakanin Amurka da Turai kawai. Mafiya ɗaga murya yanzu a cikin Turai suke. Poland ta haura kashi 4 cikin ɗari a 2024, ta wuce Amurka. Estoniya, Latbiya da Lituweniya, waɗanda suka taɓa zama ƙarƙashin Mosko, suna biye da ita. Finland da Suwidin, da suka daɗe suna 'yan ba-ruwanmu, suka shiga ƙungiyar a 2023 da 2024. Ga waɗannan ƙasashe, in Sifaniya ta tsaya a kashi 2.1 ba Washinton ta ƙwara ba, su ta ƙwara, tunda su ne a bakin daga kuma ba su fi ta arziki ba. Rasha ta kashe wajen kashi 7 cikin ɗari na arzikinta a kan soja a 2024, ta juya masana'antunta zuwa na yaƙi. Ko Jamus ta farka: kwana uku da fara mamayar, shugaban gwamnatinta na lokacin, Olaf Scholz, ya sanar da asusu na musamman na yuro biliyan 100, a Maris 2025 kuma aka gyara tsarin mulki domin dokar taƙaita cin bashi ta daina ɗaure kasafin tsaro.

To amma ma'aunin fa? Nan ne masu suka suka fi ƙarfi. Kashi kaza cikin ɗari yana faɗin abin da aka kashe ne, ba ya faɗin abin da aka samu. Girka ta daɗe a sahun gaba, amma dalilinta tsoron Turkiyya ne, wadda ita ma 'yar ƙungiyar ce, kuma shekaru da dama kaso mafi tsoka yana tafiya ne ga albashi da fansho. Ƙasar da arzikinta ya durƙushe kasonta yakan tashi ba tare da ta sayi harsashi ɗaya ba, wadda arzikinta ya bunƙasa kuma sai a ga kamar ta ja baya. Shi kuwa kashi 1.5 na ababen tallafi ƙofa ce a buɗe ga dabarun akanta, har a Italiya aka yi ta tattauna ko za a lissafa gadar da ake son ginawa zuwa tsibirin Sisili a cikinsa. Bayan wannan, ƙasashen Turai na NATO sun kashe fiye da dala biliyan 450 a 2024, wato ninki uku na abin da aka ƙiyasta Rasha ta kashe. Gaskiya ne dala ɗaya ta fi sayen kaya da biyan soja a Rasha, don haka tazarar ba ta kai yadda take a takarda ba. Duk da haka tambayar tana nan: ina kuɗin yake shiga? Hukumar Tarayyar Turai ta lissafa a 2017 cewa ƙasashenta suna amfani da manyan tankokin yaƙi iri 17, Amurka kuwa iri ɗaya. Kowace ƙasa tana kare masana'antarta, tana sayen kaɗan da tsada, da kayan gyara daban da horo daban. Zuba ƙarin kuɗi a kan wannan tsari yana iya ƙara farashi kawai ba tare da ya ƙara ƙarfi ba.

Akwai kuma batun wanda za a cire wa. Bashin Italiya ya haura kashi 130 cikin ɗari na arzikinta, na Faransa ya haura 110, kuma al'ummominsu suna tsufa, kuɗin fansho da na asibiti yana hawa. Daga kashi 2 zuwa 3.5 ba ƙaramin tsalle ba ne. Ko a ƙara haraji, ko a ƙara bashi, ko a yanke wani abu. Birtaniya ta nuna inda wuƙar ta fi saurin sauka. A Fabrairun 2025 Firaminista Keir Starmer ya sanar da ɗaga kasafin tsaro zuwa kashi 2.5 kafin 2027, kuma za a samo kuɗin ne ta rage tallafin ƙasashen waje daga kashi 0.5 zuwa 0.3. Wannan tallafi shi ne ke tafiyar da wasu shirye-shiryen rigakafi, abinci da karatun yara a Afirka da Asiya, kuma waɗanda abin zai shafa ba su da ƙuri'a a Landan. Masu suka na gargaɗin cewa gwamnatin da ta matse talakanta domin cika adadin da aka yanke a taron ƙasashen waje tana share wa jam'iyyun da ke adawa da NATO hanya ne, kuma Mosko ba ta buƙatar tanka in akwatin zaɓe zai yi mata aikin.

Abin da na fi ganin duka ɓangarorin suna kauce wa shi ne alaƙar kuɗi da iko. Amurka ba sadaka take yi ba. Tun daga Eisenhower, babban kwamandan rundunar NATO a Turai Ba'amurke ne. Sansanin Ramstein da asibitin soja na Landstuhl da ke Jamus su ne mashigar yaƙoƙinta na Gabas ta Tsakiya, kuma rundunar AFRICOM mai kula da ayyukan sojanta a Afirka tana da hedikwata ne a Stuttgart. Daga 2020 zuwa 2024, kashi 64 cikin ɗari na makaman da ƙasashen Turai na NATO suka shigo da su daga Amurka suka zo, a lissafin SIPRI. Kuma duk lokacin da Turai ta yi yunƙurin gina tsaro mai cin gashin kansa, Washinton takan nuna rashin jin daɗi: a 1998 sakatariyar harkokin wajen Amurka, Madeleine Albright, ta gindaya sharaɗin kada a kwaikwayi abin da NATO ke da shi, kada kuma a raba gari da ita. Saboda haka dogaron da ake kuka da shi an gina shi ne da yardar ɓangarorin biyu. Turai ta sami tsaro da araha, Amurka ta sami jagoranci da kasuwa. Wanda ke son Turai ta biya kamar babba amma ta ci gaba da bi kamar ƙarama yana neman abin da ba ya ɗorewa. Haka ma ɗan Turai da ke kukan Amurka ta cika ba da umarni amma ba ya son taɓa aljihunsa.

In aka tace hujjojin, abu biyu sun tsaya da ƙafafunsu. Na farko, giɓin gaskiya ne. Ƙarancin harsasai, da na makaman kakkaɓo jirage da makamai masu linzami, da na jiragen ba da mai da taurarin ɗan'adam na leƙen asiri, ba Trump ne ya ƙirƙiro su ba, kuma ba a cike su da ɗan ƙaramin kaso. Babban sakataren ƙungiyar, Mark Rutte, ya ce kariyar sararin sama kaɗai tana buƙatar a ninka ta sau biyar. Na biyu, kashi 5 adadin siyasa ne, an tsara shi domin ya yi daidai da abin da mutum ɗaya ya nema, shi ya sa aka kasa shi biyu. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne jerin kayan aiki da rundunonin da ƙungiyar ta ɗora wa kowace ƙasa, irin su birged nawa za su iya tashi cikin kwana nawa. A nan Sánchez bai yi kuskure ba da ya ce a auna shi da wannan. Matsalar ita ce wannan jeri sirri ne, ɗan jarida da mai jefa ƙuri'a ba sa ganinsa, don haka ƙasar da ta ce ta cika shi da kashi 2.1 tana neman a yarda da ita ne ba tare da shaida ba, kuma Sifaniya ba ta da tarihin da zai sa maƙwabta su yarda cikin sauƙi, tunda a 2024 ita ce a ƙasan jerin.

Za a iya ce mini duk da lahaninsa adadin ya yi aiki, tunda ƙasashen da suka kai kashi 2 sun tashi daga uku a 2014 zuwa fiye da 20 a 2024. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ga hikimar jefar da shi gaba ɗaya ba. Abin da kowa ke iya karantawa yana sa kunya, kunya kuma tana motsa ministocin kuɗi. Sai dai in aka dubi lokacin da kasafin ya yi tsalle da kuma inda ya yi, za a ga hawan ya fi tsanani bayan 2022, kuma ya fi yawa a ƙasashen da suka fi kusa da iyakar Rasha. Wannan yana nuna tsoro ya fi alkawari aiki. In haka ne, makomar kashi 3.5 ta rataya a kan yadda yaƙin Yukren zai ƙare fiye da abin da aka sa wa hannu a Hague. In aka tsagaita wuta, gwamnatocin Roma da Madrid da Brussels za su sha wuyar shawo kan jama'arsu su ci gaba da biya har 2035, kuma yawancin waɗanda suka yi alkawarin ba su ne za su kasance a kan mulki ba.

An tsara sake duba alkawarin a 2029, shekarar da wa'adin Trump zai ƙare. Zuwa lokacin za a iya ganin ko ƙarin kuɗin ya zama rundunoni da masana'antu, ko ya narke a tsadar kaya da wayon lissafi. Za a kuma ga ko ƙasashen Turai sun yarda su haɗa sayayya ko da wata masana'antar gida za ta rufe. Abin da babu wanda ya amsa har yanzu shi ne abin da Amurka za ta yi in Turai ta cika alkawarin da gaske, ta ƙera makamanta ta rage sayen na Amurka, sannan ta nemi kujerar babban kwamanda. Poland da ƙasashen Baltik suna biya ne domin Amurka ta zauna, Faransa kuma tana son a biya ne domin a iya rayuwa ko da ta tafi, kuma takardar Hague ba ta zaɓi ɗaya daga cikin manufofin biyu ba.